Godiya bayan jinyar 'yarmu, har da ta Yukiko Ueno

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi, likita ya sallami babbar 'yarmu. Muƙamuƙin ya haɗe, ta koma makaranta, ta fara tauna abinci. Ga waɗanda labarin bai kai musu ba, ita ce mai jifa a ƙungiyar sofbol ta makarantarsu a nan Saitama, ƙasar Japan. Sofbol wasa ne da ɗaya ke jefa ƙwallo, ɗaya ya make ta da sanda. A wasan nan tsakanin mai jifa da mai sanda mita 12 zuwa 13 ne kawai, ƙwallon kuma tauri gare ta. Ta jefa, aka make, ƙwallon ta dawo mata a fuska kafin ta ɗaga hannu.

Bayan Allah, godiyarmu ga likitoci da nas-nas da suka yi aikin, da 'yar uwar da ta bar sana'arta ta tsaya mana tafinta, don Japananci na asibiti daban yake da na kasuwa. Matan masallacinmu, Allah ya saka muku. Makonni bakin yarinyar nan ba ya buɗuwa, kunu da romonku ta rayu a kai. Hajiyarmu a Kano da ta sa aka yi sauka, da kawunnanta da ke kira ba dare ba rana, Allah ya bar zumunci. Ƙawayenta na ƙungiya kuma sun naɗe tsuntsayen takarda dubu suka kawo, yadda ake yi wa marar lafiya a ƙasar nan. Mun gode, yara.

Mai horar da su ita ce zan ɗan daɗe a kanta. Ciwon ƙashi likita ya ji da shi, amma tsoron da ya shiga yarinyar ba shi da allura. Ta rubuta mana a takarda cewa ta bar wasa har abada, ni kuwa a raina na ce madalla. Malamar ba ta lallashe ta ba. Ta zauna bakin gado ta ba ta labarin Yukiko Ueno, shahararriyar mai jifa ta Japan, ta nuna mata wasanninta a waya, ni ma ina gefe ina ji.

An haifi Ueno a Fukuoka a 1982. A Olamfik na Atina a 2004 ta yi wa ƙasar Sin wasan da ko mutum ɗaya bai taka zango na farko ba, wato wurin da mai sanda ke fara rugawa in ya make ƙwallo, Japan ta koma gida da tagulla. Amma abin da kowane ɗan Japan ke tunawa shi ne Bejin a 2008. Cikin kwana biyu ta yi wasa uku, jifa 413, ba a canza ta ba. Amurka ta doke su da safe, a ranar kuma ta sake fita ta yi zagaye 12 da Ostireliya, alhali wasa zagaye 7 ne, Japan ta ci 4 da 3. Washegari ta sake haɗuwa da Amurkar, wadda ita ta kwashe zinariya a 1996 da 2000 da 2004, aka tashi 3 da 1, Japan ta ci. Wanda ya taɓa ganin yadda ake juya hannu a wurga ƙwallon nan ta ƙasa, da gudun da ya haura kilomita 110 a awa, ya san abin da kafaɗa ta sha.

Daga nan aka cire sofbol daga Olamfik, ba a yi shi a 2012 da 2016 ba. Ba ta ajiye ba, ta ci kofin duniya da Japan a 2012 da 2014. Sai a watan Afrilun 2019, tana yi wa ƙungiyarta ta Takasaki wasa, ƙwallo ta dawo mata a fuska ta karya mata muƙamuƙi, aka yi mata aiki. Ciwon 'yata ke nan sak. Tana da shekara 36 a lokacin, da ta ce ta gaji ba mai ganin laifinta. Ranar 27 ga Yulin 2021 a Yokohama, tana da shekara 39, ta sake tsayawa gaban Amurka a wasan ƙarshe na Olamfik na Tokyo, inda aka dawo da sofbol. A zagaye na shida aka sa matashiya Miu Goto a madadinta, a na bakwai ta dawo ta rufe wasan, Japan ta ci 2 da nema.

Ueno ba ta san da zamanmu ba, amma tana cikin waɗanda suka cancanci godiyata. Allah ya ƙara mata lafiya.

Yarinya dai ta ce za ta koma fili. Babanta ya amince, ni ma na bi, da sharaɗin ba za ta sake jifa ba sai da garkuwar fuska, ko a atisaye ne. Iyayen da 'ya'yansu ke wannan wasa, don Allah ku saya musu.

Masu son zuwa dubiya ƙofa a buɗe take ranakun Asabar da Lahadi. Kawun da ya yi alƙawarin aiko kilishi ya ɗan dakata tukuna, likita ya ce sai nan gaba.