Daren Zaɓen 'Yan Wasa a Detroit da Takardar Hasashen da Na Riƙe a Hannu

Na shekara da dama a jihar Michigan kafin in fara ganin ƙwallon ƙafar Amurka a matsayin wasa mai tsari, domin da fari abin da idona yake gani shi ne ƙarti sanye da hular kwano suna gwabza karo. Ɗana na fari, wanda a nan ya yi karatunsa tun daga firamare, shi ne ya zaunar da ni ya koya mini dokokin wasan, har na wayi gari ina goyon bayan ƙungiyar Detroit Lions da zuciya ɗaya. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a harkar bai faruwa a fili, kuma ba a taɓa ƙwallo a cikinsa. Shi ne zaɓen sababbin 'yan wasa da hukumar NFL, mai gudanar da babbar gasar wasan, take shiryawa a ƙarshen watan Afrilu na kowace shekara.

Wanda ya saba da ƙwallon Turai zai ga tsarin baƙo ne, saboda a can mai kuɗi ne yake sayen wanda ya ga dama. A nan kuwa ƙungiyoyi 32 ne suke bin layi suna ɗaukar matasa daga jami'o'i a zagaye bakwai, kuma ƙungiyar da ta fi kowa shan kaye a kakar da ta wuce ita ce take fara zaɓe, zakara kuma ta zo a ƙarshe. Matashi ba ya shiga sai ya cika shekara uku da gama sakandare. Ana iya musayar gurbi kamar yadda ake musayar kaya, wato ƙungiya ta ba da gurbinta na bana ta karɓi na baɗi ko ta karɓi ɗan wasa. Zagayen farko shi ne mai daraja, domin wanda aka ɗauka a cikinsa yana samun kwantiragin shekara huɗu, ƙungiyar kuma tana da damar ƙara masa ta biyar, shi ya sa magoya baya suke shafe watanni suna muhawara a kan sunaye 32 kacal.

A shekarar 2023 na fara tsoma baki a wannan muhawara, a ɗakin cin abinci na wurin aikinmu. Lions suna da gurbi na 6, suka yi musaya da Arizona suka koma na 12, suka ɗauki Jahmyr Gibbs na jami'ar Alabama, wanda aikinsa gudu da ƙwallo ne. Washegari kusan kowa ransa a ɓace yake, ni ma haka, domin mun haddace maganar masana cewa ba a kashe gurbi mai tsada a kan mai gudu da ƙwallo, tunda jikinsu yana saurin lalacewa kuma ana samun irinsu a zagayen baya. A kakar nan Lions suka lashe rukuninsu karon farko tun 1993, Gibbs kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin tafiyar. Ya kamata wannan ya ishe ni darasi, amma abin da na ɗauka a lokacin shi ne cewa ban yi isasshen bincike ba, sai na ƙudura zan yi shi da kyau a shekara mai zuwa.

Da aka tabbatar cewa zaɓen 2024 a Detroit za a yi shi, daga 25 zuwa 27 ga Afrilu, sai na sayi littafin rubutu na musamman. Tun daga watan Janairu nake zama bayan sallar isha'i ina kallon wasannin jami'o'i da suka wuce, ina rubuta tsawo da nauyi da saurin kowane yaro. Na bi gwajin da ake yi musu a Indianapolis, inda Xavier Worthy na jami'ar Texas ya yi gudun yadi 40 cikin daƙiƙa 4.21, abin da ba a taɓa rubuta irinsa a wurin ba. Ni da ɗana da abokan aikina uku muka yi yarjejeniya cewa kowa zai rubuta jerin mutum 32 bisa tsarin da yake ganin za a ɗauke su, mu ga wanda zai fi dacewa.

Babbar gardamar a kan masu jefa ƙwallo take, waɗanda ake kira kwatabak, domin kwatabak shi ne jagoran hari kuma shi ne mutumin da yake ɗaga ƙungiya ko ya nutsar da ita. Babu wanda ya yi musu cewa Caleb Williams na jami'ar USC zai zama na farko zuwa Chicago Bears, waɗanda suka samu gurbin daga Carolina ta hanyar musayar da suka yi shekara guda kafin nan. Rigimar tana kan na biyu. Ni na ɗora Drake Maye na North Carolina a kan Jayden Daniels na LSU, hujjata kuwa ita ce Daniels siriri ne kuma yana yawan gudu da ƙwallo da kansa, don haka na ga ba zai jure dukan manya ba, duk da cewa shi ya ci kyautar Heisman ta gwarzon jami'o'i a 2023. Sannan na kai J.J. McCarthy cikin biyar na farko. Ɗana ya dubi takardar ya ce mini, “Baba, wannan gurbin ba idonka ne ya ba shi ba, zuciyarka ce.” Gaskiya ya faɗa, domin McCarthy shi ne ya jagoranci jami'ar Michigan ta ci kofin ƙasa a watan Janairun wannan shekara, kuma duk unguwarmu ɗanmu muke ɗaukarsa. Na ji maganar, amma ban gyara ba.

Ranar Alhamis muka isa tsakiyar gari tun da la'asar, kuma Allah Ya sa mun yi sammako, saboda kafin a fara filin ya cika an dakatar da shigar jama'a. An kafa dandamalin kusa da Campus Martius, mutane kuma suka cika titi har zuwa wajen Hart Plaza a bakin kogi. An ƙiyasta mutum 275,000 a daren farko, kwana ukun kuma sama da 775,000, adadin da ya zarce na duk garuruwan da suka karɓi taron a baya. Akwai sanyi, ƙafa kuma ta gaji, domin a lokacin kowace ƙungiya tana da minti goma kafin ta miƙa sunan wanda ta zaɓa a zagayen farko. Wannan jiran shi ne ainihin daɗin abin. A cikin minti goman nan za ka ga baƙo ya juyo yana tambayarka ra'ayinka kamar kun shekara da sanin juna. Na yi doguwar hira da wani dattijo mai goyon bayan Chicago, wanda ya tuna mini cewa a 2017 ƙungiyarsa ta ɗauki Mitchell Trubisky a gurbi na 2 alhali Patrick Mahomes, wanda daga baya ya zama babban tauraro, yana nan har gurbi na 10, ya ce tun daga ranar ya daina yin murna a daren zaɓe, sai dai ya yi addu'a.

Williams ya tafi Chicago, Daniels ya tafi Washington, Maye ya tafi New England, Marvin Harrison Jr. kuma ya tafi Arizona. Daga gurbi na biyu ke nan takardata ta fara karkacewa. Amma abin da ya girgiza filin shi ne gurbi na 8, lokacin da Atlanta ta ɗauki kwatabak Michael Penix Jr., alhali ba a fi wata ɗaya da rabi ba da ta ba Kirk Cousins kwantiragin shekara huɗu na dala miliyan 180 a wannan matsayi. Babu ɗaya daga cikinmu biyar da ya hango haka. McCarthy ya sauka a gurbi na 10 zuwa Minnesota, Bo Nix a na 12 zuwa Denver, kwatabak shida ke nan cikin mutum 12 na farko. Mutum 14 na farko duk 'yan hari ne, sai a gurbi na 15 Indianapolis ta ɗauki ɗan tsaro na farko, Laiatu Latu. Na ji daɗi a raina da aka kira Rome Odunze a gurbi na 9 da Olu Fashanu a na 11, domin dukansu suna da tushe a Nijeriya.

Mu Lions kuwa gurbinmu na 29 ne, buƙatarmu kuma mai tsaron gefe. Raina yana kan Quinyon Mitchell na jami'ar Toledo, garin da bai fi tafiyar awa guda daga Detroit ba, amma Philadelphia ta ɗauke shi a gurbi na 22. Can sai allo ya nuna cewa Lions sun yi musaya da Dallas sun hau gurbi na 24, aka kira Terrion Arnold na Alabama, filin ya kaure da sowa. Da muka koma gida na ƙirga, mutum shida kawai na dace da gurbinsu da ƙungiyarsu cikin 32, ɗana kuma ya samu tara.

Abin da na fara ganewa shi ne na auna yaran ne kamar kowannensu shi kaɗai zai shiga fili. Williams, wanda kowa ya yarda da baiwarsa, an kayar da shi ƙasa yana riƙe da ƙwallo sau 68 a kakarsa ta farko, Chicago ta ƙare da nasara 5 da rashin nasara 12, aka kuma sallami kocinta ana tsakiyar kaka. Nix, wanda da yawa daga cikinmu muka ce an yi gaggawar ɗaukarsa, ya faɗa hannun koci Sean Payton, ya kai Denver wasannin kifa-ɗaya-ƙwale karon farko tun kakar 2015. Littafina yana cike da tsawo da nauyi, amma babu shafi ko ɗaya a kan wanda zai koyar da yaron, ko katangar 'yan wasan da za ta kare shi, ko irin tsarin wasan da za a saka shi a ciki. McCarthy kuwa ya ji rauni a gwiwa tun kafin a fara kaka, bai buga wasa ko ɗaya ba a shekarar, wannan kuma abu ne da babu mai littafin da zai iya rubuta shi tun da wuri.

Na kuma lura cewa yawancin abin da muke faɗa wa juna da ƙarfin murya maimaici ne na abin da muka ji a talabijin. Ƙungiyoyi suna da rahoton likita, sun zauna da yaran sun yi musu tambayoyi, sun ji ta bakin malamansu, mu kuwa muna da guntayen bidiyo. Duk da haka su ma suna kuskure, tunda shahararren kwatabak Tom Brady sai a gurbi na 199 aka ɗauke shi a shekarar 2000, Amon-Ra St. Brown namu kuma a zagaye na huɗu aka same shi a 2021. Ban ga laifin muhawarar ba, kuma ba zan daina ta ba, domin ita ce ta haɗa ni da mutanen da da ba za mu wuce gaisuwa ba. Abin da na daina shi ne yanke hukunci a daren, musamman a kan yaro ɗan shekara 21 ko 22 da yake kuka a kafaɗar mahaifiyarsa don murna.

Daniels ne ya rufe mini bakin gaba ɗaya. Siririn yaron da na ce ba zai jure ba ya buga duk wasannin kaka, ya kai Washington ga nasara 12, aka kuma zaɓe shi gwarzon sababbin 'yan hari na shekara. Ranar 18 ga Janairu 2025 ya zo wasan kifa-ɗaya-ƙwale a filin Ford Field, gidanmu, inda Lions suke jiransa da nasara 15 cikin wasa 17, ya fitar da mu da ci 45 da 31. Ina zaune a falo ina kallo, ɗana yana gefena bai ce uffan ba. Bayan an tashi na ɗauko littafin na buɗe shafin Daniels, na ja layi a ƙarƙashin abin da na rubuta game da jikinsa, na sa kwanan wata a gefe. A shafukan da na buɗe wa zaɓen 2025 kuwa, na raba kowane shafi gida biyu, sama na ɗan wasa, ƙasa na ƙungiyar da za ta iya ɗaukarsa, da sunan kocinta da halin da katangarta take ciki.