Ƙurar Eldora

Jama'a, ranar Asabar wani abokin aikina ya ja ni kallon tseren motoci a Eldora, can cikin ƙauyukan jihar Ohio kusa da Rossburg. Ko ta ina gonakin masara ne, sai kwatsam ga fitilu da ɗimbin mutane.

Filin ba kwalta, laka ce zalla. Tun da rana tankokin ruwa ke zagaye suna jiƙa ta. Da dare ya yi nisa, tayoyi sun daddaɓe ta ta yi baƙi tana sheƙi kamar daɓen ɗaki, direbobi kuma suna shan kwana da gefen mota, dab da katanga. Wata dattijuwa a gefena ta zo da tabarau na musamman saboda ƙura. Ni kuwa har a haƙori nake taunar ƙasa.

Tarihinsa ya fi tseren burge ni. Earl Baltes shugaban makaɗa ne, gidan rawa yake da shi a wurin, ya gina filin a 1954. Da ƙarami ya fara, ya yi ta faɗaɗawa har zagayen ya kai rabin mil a 1958. A 1971 ya ƙirƙiro gasar World 100, a 2001 kuma ya shirya wata gasar daban ya sa dala miliyan ɗaya ga wanda ya zo na ɗaya, direba Donnie Moran ya lashe. Mutumin akwai ƙarfin hali, wallahi. A 2004 ya sayar wa direba Tony Stewart, shi kuma bai malala kwalta ba, ma har ya jawo NASCAR, babbar ƙungiyar shirya tseren motoci ta Amurka, cikin lakar a 2013.

Wanda zai je ya nemi abin toshe kunne.