Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Satin da Yaya ya koma jariri

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Satin da ya wuce na tsaya ne a inda Auta ta cika wata shida muka fara ɗanɗana mata abinci mai laushi bayan nono zalla da take sha tun haihuwa, toh yau daga nan zan ɗora. Ga waɗanda suka shigo a tsakiya, yara biyu gare ni a lokacin, namiji ɗan shekara uku da 'yan watanni wanda tun ranar da aka haifi ƙanwarsa kowa ya koma kiransa Yaya, sai macen da muke ce wa Auta duk da Abbansu kullum cewa yake kar mu yi saurin sa mata wannan sunan.

Tana shiga wata na bakwai ta fara dalalar da miyau, riga uku huɗu a wuni duk gaban a jiƙe, duk abinda hannunta ya kai sai baki, yatsana, bakin zani, makullin Abbansu, har takalmin Yaya na taɓa ƙwacewa. Na duba dasashinta na ƙasa naga ya ɗan tasa nace toh haƙori ne ke tafe, dama na gaban nan biyu na ƙasa su suke fara fitowa ga yawancin yara wajen wata shida zuwa goma. Ban damu ba sam dan na ga irinsa a wajen Yaya. Sai wani dare na farka zan ba ta nono naji jikinta rau, na ɗauko ma'aunin zafin jiki na sa mata a hammata ya nuna 38.9, kafin asuba gudawa ta biyo baya, ruwa ruwa, ina canza famfas ina ƙara canzawa.

Da safe Hajiya ta kira, mahaifiyar Abbansu, na gaishe ta na faɗa mata halin da ake ciki tace "haƙori ne 'yar nan, kar ki ɗaga hankalinki, duk yaran da na haifa da zazzaɓi da gudawa suka yi nasu." Ina girmama Hajiya wallahi kuma na san daga ƙauna ta faɗa, nace "toh Hajiya Allah ya sa haka ne, amma zan ɗan leƙa asibiti su duba ta ko hankalina ya kwanta." Tace babu laifi ki je.

Nas ɗin da ta karɓe mu babbar mace ce mai haƙuri, tana jin na ambaci haƙori ta ajiye biro tace Maman Auta zauna in faɗa miki. Tace haƙori yana sa yaro rigima da miyau da ƙaiƙayin dasashi, jiki ma yana iya ɗan ɗumi, amma zafin da ya kai 38 ko ya wuce da gudawa mai yawa wannan ciwo ne daban, kawai dai lokacinsu ne yake haɗuwa, dan a wajen wata shida ne kariyar da yaro ya ɗauko daga jikin uwarsa tun yana ciki take raguwa, a lokacin ne kuma ya fara cin abinci ya fara kai komai baki da dattinsa da komai, sai ciwo ya shiga a ɗora wa haƙori laifi a zauna gida ana jira ya fito alhali ruwan jikin yaro yana ƙarewa. Ta duba maɗigarta ta ga ko ta faɗa, ta duba idonta da bakinta, ta ɗan ja fatar cikinta ta saki ta ga ko tana komawa da sauri, ta tambaye ni yaushe rabonta da fitsari. Aka ɗebi jini aka yi gwaji, likita ya gan mu, aka ba mu ORS wato ruwan gishiri da sukari na cikin leda, da ƙwayar zinc da za ta sha kullum na kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya, da farasitamol wanda sai da aka ɗora ta a sikeli kafin a rubuta yawansa dan da nauyin yaro ake aunawa ba da ƙiyasi ba. Ta ja min kunne in ci gaba da ba ta nono fiye da da, in haɗa ORS ɗin daidai yadda aka rubuta a jikin ledar da tsaftataccen ruwa, in zubar da wanda ya wuce awa 24. Tace in kika ga ta ƙi kama nono gaba ɗaya, ko duk abinda ta sha sai ta amayar, ko ta yi laushi ba ta farkawa sosai, ko jijjiga, ko jini a kashi, ko numfashinta ya kai 50 a minti ɗaya tana kwance shiru, ko tsakar dare ne ki taho.

Na dawo gida da wannan lissafin a kaina, cokali a hannu ina ɗiga mata ruwan nan kaɗan kaɗan, ina kallon agogo ina ƙirga numfashi, baccina ya zama na zaune. Duk wanda ya shigo gidan wajen Auta yake nufa, sannu Auta, ya jikin Auta, kuma haka ya kamata ai mara lafiya ake dubawa. Amma akwai wani ɗan mutum a gidan da yake tsaye a bakin ƙofa yana kallon kowa yana wuce shi.

Yaya ya daɗe da barin famfas, da kansa yake ɗauko fo ya zauna har ya kira ni in zo in gani. A satin nan ya fara fitsarin kwance, daga na dare ya koma har da rana yana tsaye a tsakar ɗaki zai sake shi yana kallona. Yaron da bakinsa ya buɗe tas, mai tambayar me yasa me yasa har kai ya yi ciwo, sai ya koma gwaranci yana nuna abu da yatsa yana ihu, ruwa ma wai ba zai sha a kofi ba sai a cokalin Auta, abinci sai na ba shi a baki. Ina juya baya zai je ya mintsini ƙafarta ta tsala ihu shi kuma ya ruga bayan labule. Kuma duk wanda ya gani magana ɗaya ce, haba Yaya kai ne fa babba, babba ba ya kuka, ka bar Mami ta ji da ƙanwarka, dubi ƙato da kai kana fitsari a wando. Wata maƙwabciyarmu har cewa ta yi in samo 'yar tsumagiya in zane shi sau ɗaya zai daina.

Ni dai wannan maganar ta kai ne babba tana ci min rai har gobe. Yaron da haƙoransa na nono 20 ba su daɗe da cika ba, wanda takalminsa ma sai ya sa na dama a hagu, a ce shi ne babba? Wata bakwai da suka wuce shi ne jaririn gidan, shi ake ɗauka shi ake wa rawa, bai ƙara komai ba a wata bakwan nan sai ɗan tsawo, mu ne muka sauya masa matsayi rana ɗaya ba tare da an tambaye shi ba. Fitsarin kwance kuwa likitoci ma ba sa ɗaukarsa matsala kafin yaro ya kai shekara 5, kuma sananne ne yaron da aka yi wa ƙani ko wani abu ya girgiza gidan yana iya komawa baya a abubuwan da ya riga ya iya. Duka me zai gyara a nan? Tsoro kawai zai ƙara masa akan wanda yake ciki.

Sai kuma waya ta shigo lamarin. Ƙanwata ta zo taya ni kwana biyu, Allah ya saka mata da alheri dan ba dan ita ba ban san ya zan yi da wanki ba, toh ita dabararta in Yaya ya fara rigima sai ta kunna masa katun a waya ta miƙa masa, nan take gidan ya yi tsit. Shirun yana da daɗi ba zan ɓoye muku ba. Amma karɓar wayar ita ce tashin hankali, ya kwanta a ƙasa yana birgima yana buga kai, da dare kuma ido ƙyar har sha ɗaya ta wuce, gari ya waye yana jin bacci yana ƙara rigima a ƙara ba shi waya. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarin da ta fitar a 2019 cewa ta yi ɗan ƙasa da shekara ɗaya kar a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin kwata kwata, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi, sannan ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar baccin awa 10 zuwa 13 har da na rana. Yaya a satin nan ko kusa bai samu ba. Na ja ta gefe nace ƙanwata dan Allah in ya fara ki fita da shi waje ku zaga ko ki ba shi murafan tukwane ya buga, ƙarar ta fi min sauƙi.

Ranar da abin ya karya min zuciya ita ce wata yamma, zazzaɓin Auta ya fara sauka na samu ta yi bacci a jikina, na miƙe a hankali zan kwantar da ita sai na tarar da Yaya ya shige ɗan gadonta ya naɗe ƙafafu dan gadon ya masa kaɗan, ya ja zaninta ya rufa. Nace Yaya me kake yi a nan? Ya ɗaga hannu ɗaya sama ya buɗe hammata yace "Mami nima ba ni da lafiya, ki sa min abin nan." Ya lura kenan, kwana da kwanaki yana kallo, ya gane a gidan nan duk wanda aka sa wa abin nan a hammata shi ake runguma.

Na miƙa wa ƙanwata Auta na ɗauko ma'aunin na sa masa, na zauna a ƙasa na ɗora shi a cinya muna jira ya yi ƙara. 36.6 ya nuna, lafiyarsa ƙalau. Nace sannu ɗan Mami, jikin da sauƙi ko? Ya gyaɗa kai. Ban ce masa ƙarya yake ba ban kuma ce shi ne babba ba, na rungume shi ina jijjiga shi kamar yadda nake wa ƙanwarsa ina shafa kansa hawaye na zuba min, ko minti biyar ba a yi ba ya yi bacci a ƙirjina da nauyinsa da komai har ƙafata ta yi sanyi ban motsa ba.

Da dare bayan Abbansu ya dawo ya ci abinci nace Abban Yaya ina son magana. Na ba shi labarin gadon, ya yi shiru ya daɗe, dan shi ma in ya shigo Auta yake fara ɗauka. Nace hannuna biyu ne kuma duka suna kan mara lafiya, yaron nan yana buƙatar mutum nasa. Yace "toh Maman Yaya me kike so in yi?" Nace in ka shigo ka fara ɗaukarsa kafin ita, ita ba ta san bambanci ba tukuna shi ya sani, sannan wankan dare da kwanciyarsa su dawo hannunka. Mijina mutum ne mai dawowa a gajiye kuma bai taɓa yi wa yaro wanka ba, daren farko ruwa har bakin ƙofa sabulu a ido ihu kamar me, amma bai fasa ba, ya koya, har ya ƙirƙiro wani labarin ɗan akuya mara jin magana da yake ja masa kullum ba ya ƙarewa. Ni kuma duk lokacin da Auta ta yi baccin hantsi, ko wanke wanke ya kai ina, sai na zauna da Yaya mu biyu ya zaɓi wasan da yake so, ba waya ba kowa. Na shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin gadonsa, in ya jiƙa in canza ba faɗa ba gori, na kuma roƙi mutanen gidan kar wanda ya ƙara yi masa dariya a kai. Na fara aikensa ƙananan aike, miƙo min famfas, riƙe min kofin, in ya kawo in ce Auta kin ga Yayanki ya taimake ki.

Ba rana ɗaya ya warware ba kam, mintsinin ne ya fara tsayawa, magana ta dawo, fitsarin rana ya ɗauke, na dare kuwa ya ɗauki watanni yana zuwa jefi jefi. Auta ta gama zinc ɗinta ta murmure, haƙorin da aka ɗora wa laifi bai ma fito ba sai bayan ta warke sarai, na kira Hajiya na yi mata albishir ta yi ta sa albarka.

Muna cikin samun wannan ɗan natsuwar ne aka kira ni a waya wai aikin da na nema tun kafin in haifi Auta ya fito, ana so in fara farkon wata. Abbansu yace wa zai riƙe yaran, Hajiya tace a kawo mata su, Ummata tace a'a ita za ta turo min yarinya, ni kuma Yaya nake kallo da bai daɗe da dawowa daidai ba. Yadda aka kwashe a wannan maganar, da abinda ya sa na kwana biyu ba ma magana da Abbansu, shi zan kawo muku sati mai zuwa in Allah ya kai mu.