Fosin ne ko ba fosin ba? Abin da ke haɗa abokan wasan birij faɗa

Duk wanda ya ɗan jima yana buga wasan kartar nan na birij a Bridge Base Online, wannan dandalin da Fred Gitelman ya kafa a 2001, ya san yawancin rigimar da ake yi bayan an gama hannu ba a kan yadda aka buga katin ba ce, a kan tayi ce. Ɗaya zai rubuta "ai tayina fosin ne, don me ka ce fas?" ɗayan ya ce "wa ya gaya maka?" Shikenan, tebur ya watse.

Ga wanda bai saba ba, a taƙaice: mutum huɗu, biyu-biyu, kowa kati 13, kafin a fara bugawa sai an yi gwanjo, ana tayi, wato alkawarin yawan zagayen kati da za ku ci ku biyu, daga mataki na 1 zuwa na 7 a ɗaya daga kalolin karta huɗu, kulob, dayamon, hat ko sifed, wadda za ta zama tiram, wato kalar da ke cin sauran, ko kuma a notiram, wato babu tiram. Ana auna ƙarfin hannu da maki, es 4, kin 3, kwin 2, jak 1, gaba ɗaya 40 a cikin karta, lissafin da Milton Work ya yaɗa, Charles Goren ya ƙara kai shi ko'ina a Amurka. Tayin fosin shi ne wanda abokinka ba shi da ikon cewa fas, wato ya ƙi yin tayi, a kansa, dole ya sake magana ko da hannunsa ya mutu. Wanda ba fosin ba kuwa ganin damarsa ne.

In abokan hamayya sun yi shiru abin da sauƙi. Abokinka ya buɗe 1 dayamon, ka ce 1 hat, kowa ya san dole ya amsa. Matsalar tana farawa ne lokacin da na damanka ya tsoma baki. Abokinka 1 dayamon, na dama ya ce 1 sifed, kai kuma kana riƙe da hat biyar, es da kwin da jak a sama, ga kin na dayamon ga kin na kulob, maki 13. Za ka ce 2 hat, to amma me 2 hat ɗin nan ke nufi? A tsarin da yawancin 'yan Amurka ke bi fosin ne na zagayen gwanjo ɗaya, yana nuna maki 10 zuwa sama da hat aƙalla biyar. Amma akwai masu bin wani tsari da ake kira negetif firi bid, su a wajensu wannan 2 hat ɗin hannu ne matsakaici, kamar maki 7 zuwa 11 da doguwar hat, kuma mai buɗewa yana iya cewa fas ya zauna abinsa. Yanzu ka ɗauka kai kana bin na farko abokinka yana bin na biyu. Ya ce fas, ka buga 2 hat ka ci zagaye goma, aka rubuta maka 170, alhali da kun kai 4 hat, wato gem, matakin da ake ba da babban lada, 420 ne, in kuna bolnarebul, wato yanayin da lada da tara suka fi girma, ma 620. Katin iri ɗaya ne fa, bugun ma iri ɗaya, kawai ba ku zauna kun yi magana ba kafin a raba.

Masu negetif firi bid ba mahaukata ba ne, suna da hujja mai kyau. Ka ɗauki hannu mai hat shida, kin da kwin da jak a sama, da wani jak guda a gefe, maki 7 kenan. A tsarin fosin ba ka isa ka ce 2 hat ba, don abokinka zai ɗauka kana da ƙarfi ya ja ku sama ku faɗi. Sai dai ka yi negetif dobul, wato ka ce dobul ba don ninka musu tara ba sai don nuna wa abokinka kana da kalar da ba a ambata ba, wannan dabarar da Alvin Roth da Tobias Stone suka fito da ita a 1957 har ake ce mata Sputnik saboda shekarar da Tarayyar Soviet ta harba tauraron ɗan adam ɗin ce, sannan in zagaye ya dawo kanka ka ambaci hat ɗinka. In ya dawo da sauƙi kenan. Su kuma suka ce irin wannan hannun ya fi mai maki 13 yawan zuwa, to me zai sa a hana shi magana tun farko? Gaskiya ne, ya fi yawan zuwa.

Amma ni dai ina tare da fosin, kuma dalilina shi ne mutumin da ke hagunka. A tsarinsu in kana da babban hannu dole ka fara da dobul, ba ka faɗi kalarka ba tukuna. To na hagu yana da sifed huɗu ko biyar da hannu fanko, kuma 'yan wasan yanzu duk sun haddace dokar nan ta jimillar zagaye da Bafaranshe Jean-René Vernes ya yi bayaninta a 1969, Larry Cohen ya sa ta shahara a farkon shekarun 1990, wadda a aikace take cewa ku yi tayi daidai yawan tiram ɗin da kuke da shi ku biyu, don haka ba zai tsaya wata-wata ba zai yi tsalle zuwa 3 sifed ko 4 sifed, sai gwanjo ya dawo kanka a mataki na 4 ko na 5 kana da maki 13 ko 16 abokinka bai ma san hat kake da ita ko kulob ba. Nan sai canki-canka. Asarar ƙaramin kwantiragi, wato tayin da bai kai gem ba, ba ta da zafi sosai, amma ka rasa gem ko silam, wato tayin mataki na 6 ko na 7, saboda an toshe maka baki, musamman a wasan tim inda manyan maki ke yanke hukunci, wannan ciwo ne.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, inda mu ne muka tsoma baki. Su suka buɗe 1 kulob, abokina ya ce 1 hat, na gaba ya ce fas, ni na ce 1 sifed. Nan ra'ayina ya juya. Mai buɗe gwanjo yana da maki 12 ko kusa, amma mai tsoma baki a mataki na 1 yana iya zuwa da 8 kacal da kala mai kyau, tilasta masa ya sake magana zalunci ne. Da yawa suna buga wannan a matsayin ba fosin ba amma mai ƙarfafa gwiwa, wato ci gaba in kana da abin ci gaba. In ina da babban hannu sai in ambaci kalar abokan hamayya, 2 kulob, ba don ina son buga kulob ba, kowa ya san wannan fosin ne. Haka ma in abokina ne ya buɗe 1 hat aka ce 1 sifed na ce 2 sifed, ma'anarsa ina da goyon bayan hat da maki 10 ko fiye, wanda ya ba ni damar yin tsalle zuwa 3 hat da hannu mara ƙarfi don in takura musu.

Abu ɗaya da kusan babu gardama a kai: in ka riga ka ce fas tun farko, sabuwar kalar da ka ambata daga baya ba fosin ba ce, ai ka riga ka faɗa wa duniya ba ka kai 12 ba.

Bayan 1 notiram ma akwai tsari mai tsafta, Lebensohl. Abokinka ya buɗe 1 notiram, aka ce 2 hat. 2 sifed daga gare ka na tsayawa ne, 3 kulob ko 3 dayamon kai tsaye fosin ne, in kuma hannunka rarrauna ne da doguwar dayamon sai ka ce 2 notiram, dole abokinka ya ce 3 kulob, kai kuma ka gyara zuwa 3 dayamon ya yi shiru. Kuɗin da ka biya shi ne ka rasa 2 notiram na asali, kuma ban taɓa kewarsa ba.

Wanda ya fi rikita sababbi shi ne fas ɗin da shi kansa fosin ne. Kun riga kun nuna kuna da ƙarfin gem, kun kai 4 hat, suka yi sadaukarwa da 4 sifed, wato tayin da ba sa sa ran ci sai don rage asara. In ka ce fas a nan ba wai ka haƙura ba ne, kana ce wa abokinka ne zaɓi ya rage naka, ko ka dobul ɗinsu ko ka je 5 hat, amma ba za a bar su su buga 4 sifed salin-alin ba. Wahalar ita ce sanin yaushe aka shiga wannan yanayin. Bayan buɗewar 2 kulob mai ƙarfi, ko bayan tayin da ku biyu kuka yarda fosin ne har gem, babu shakka. Amma in 1 hat aka buɗe kai ka yi tsalle zuwa 4 hat da tiram biyar da maki 6, wannan 4 hat ɗin na toshe hanya ne ba na ƙarfi ba, don haka in suka ce 4 sifed abokinka ya ce fas, kai ma fas ɗinka za ka ce, kada ka je 5 kana tunanin an tilasta maka.