Wasiƙar da ta yi kusan awa 12 a hanya

Baffana, Allah ya jiƙansa, ba rikicin Kyuba ne ya fara sa shi tsoron nukiliya ba, Faransa ce. A Fabrairun 1960 suka tayar da bam ɗinsu a Reggane cikin Saharar Aljeriya, ga shi daga can hunturu yake kaɗowa har nan ƙasar Gumel. Ya ce min a shekarar, yaro ko atishawa ya yi sai a ce ƙurar Faransa ce. A Janairun 1961 gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadansu saboda haka.

Shi ya sa da aka ji a rediyo, cikin Oktoban 1962, cewa Sobiyat ta girke makamai masu linzami a Kyuba, kilomita 145 daga gaɓar Amurka, su Baffa ba su ɗauke shi labarin nesa ba. Shugaban Amurka Kennedy ya sa jiragen ruwa suka yi wa tsibirin ƙawanya. Kwana 13 hankalin duniya a tashe, kafin shugaban Sobiyat Khrushchev ya yarda ya kwashe kayansa, Amurka kuma ta janye nata daga Turkiyya a asirce.

Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne wasiƙar sulhun da Khrushchev ya aika ranar 26 ga wata. Kusan awa 12 ta yi kafin a karɓa a fassara! Washegari aka harbo jirgin leƙen asirin Amurka, matuƙinsa ya mutu. Wannan jinkirin ne ya haifi layin kai tsaye tsakanin Washington da Mosko a 1963, na'urar buga saƙo, ba jar wayar da ake ta faɗa ba. A watan Agustan shekarar aka ƙulla yarjejeniyar hana gwajin nukiliya a sararin sama da ƙarƙashin ruwa. Faransa dai ta ƙi sa hannu.

Yarjejeniyar da Amurka da Sobiyat suka ƙulla a 1972 kuwa har yau ɗaure min kai take yi: kowa ya yarda ya taƙaita garkuwarsa ta kakkaɓo makamai masu linzami, don wanda ya san in ya harba shi ma za a harbe shi, ba zai fara ba.

Bara shanu suka shiga shinkafar ƙanena. Kafin aike ya kai ga arɗo, samarinmu sun riga sun fito da gora. Allah ya tsare. Da aka tashi daga zaman sulhu a ƙofar mai gari, na ce, “Arɗo, ranka ya daɗe, ba ni lambarka.” Ya ce wayar tana wajen caji a kasuwa, amma ya haddace ta.