Yadda 'yan aji biyar suka bi sawun sauro

Duk malamin firamare a ƙasar Hausa ya san halin da rajista take shiga idan an dawo hutu a watan Satumba. Damina ta fara ja da baya, amma zazzaɓi yana kan ganiyarsa. Sai ka kira suna, 'yan aji su amsa baki ɗaya, "Ba shi da lafiya." A manhajar kimiyya akwai darasin cututtuka da tsaftar muhalli, kuma yadda muka saba koyar da shi sananne ne: a rubuta a allo, a kwafa, a haddace. Yaro zai rubuta cewa sauro ne ke kawo maleriya, ya cinye makinsa, ya koma gida yana nan a kan bakansa cewa dukan ruwan sama ko shiga rana ne ya kwantar da ƙaninsa.

Ajina yara sun haura 70. Duk da haka na ƙudura cewa wannan zangon ba zan ba su amsa ba, tambaya zan ba su: a ina sauron da ke cizonmu yake hayayyafa? Dabarar ba tawa ba ce. Tun muna kwalejin horar da malamai aka karantar da mu labarin John Dewey da makarantar gwaji da ya buɗe a Jami'ar Chicago a 1896, da ɗalibinsa William Kilpatrick wanda ya yi rubutu a 1918 kan koyarwa ta hanyar aikin da yara suka sa a gaba da niyyar kansu. Mun haddace sunayen, mun ci jarrabawa, yawancinmu kuma ba mu taɓa ganin an yi abin a aji ba.

Aikin da ya fi cin lokacina na yi shi ne kafin yaran su ji komai. Na baje manhajar zangon, na tsamo duk darasin da zai iya shiga cikin binciken. A lissafi akwai ƙidaya da zanen ginshiƙai da kaso cikin ɗari. A Hausa akwai rubuta wasiƙa. A darasin zamantakewa akwai taswira da shugabannin unguwa. Da wannan takarda na shiga ofishin hedimasta, domin na san tambayarsa ta farko ita ce, "Malama, to manhajar fa?" Ya ba ni darasi biyu a jere duk ranar Alhamis bayan an dawo tara, da sharaɗin kada yaro ko ɗaya ya kusanci kududdufi sai ina wurin tare da maigadi. Sharaɗin ya yi daidai, kowa ya san abin da kududdufi yake yi wa yara a damina.

Na raba su rukuni-rukuni bisa lungun da suke zaune, ban raba su bisa ƙoƙari ba. Kowane rukuni da mai rubutu, da mai ƙirga, da mai zane, da mai riƙe ludayi da kwalba, ana kuma sauya aikin duk mako. A nan na gano wata dama da ko dubagari ba shi da ita: yaro yana shiga kowane gida. Gidan da aka rubuta "ba shiga" a ƙofarsa, 'yar shekara goma za ta yi sallama ta wuce har bayan ɗaki, ta leƙa randa da kaskon kaji da tsohuwar tayar da aka yar a kan rufi, matar gida tana yi mata dariya. Wannan ya kuma taimaki 'yan matan da ke fita talla da yamma, tunda binciken nasu a cikin gidajen da dama suke shiga ne.

Suka riƙa kawo ruwa a kwalabe, kowace an liƙa mata takarda da sunan wurin da aka ɗebo. Muka rufe bakin kwalaben da ƙyallen tsohon gidan sauro, muka ɗaure da roba, muka jera a kan taga. Wani yaro ya rantse 'ya'yan kifi ne. Wata ta ce ai datti ne ke rikiɗewa ya zama sauro, haka kakarta ta ce. Ban musa wa kowa ba, na ce kowa ya zana abin da ya gani kullum da safe ya sa kwanan wata. Tsutsar ta yi girma, ta dunƙule ta zama kamar waƙafi tana tsalle a cikin ruwa, wata safiya kuma sai ga sauro a maƙale jikin ƙyallen. Daga ƙwai zuwa mai fiffike, a zafi irin namu, abin ba ya wuce kwana 10 zuwa mako biyu. Ihun da aka yi a ajin ranar sai da malamin aji shida ya leƙo. Sauron da ya fito, ba mu saki ko ɗaya ba.

Abin da ya fi komai armashi wata yarinya ce ta fara lura da shi, yarinyar da ban taɓa jin muryarta a aji ba in ba amsa suna ba. Ta ce, "Malama, waɗannan a kwance suke, waɗancan kuma a rataye." Gaskiyarta. Tsutsar Anopheles, jinsin da macensa ke ɗauke da ƙwayar maleriya, tana kwanciya ne a miƙe daf da saman ruwa. Ta Culex kuwa, wani jinsin sauron dabam, tana rataye kanta a ƙasa, tana shaƙar iska da wani ɗan bututu a wutsiyarta. Da muka sake duba takardun da ke jikin kwalaben sai lissafi ya canza. Ruwan kwata, wanda kullum shi muke zagi, kusan duk masu ratayewa ne a cikinsa. Masu kwanciyar sun fito ne daga ruwan sama mai ɗan haske da rana ke dukansa: sawun tayar mota a bayan makaranta, ramukan da aka haƙi ƙasar gini, da tafkin masu buga bulo. Ba wai kwata ta zama abin arziki ba, sauronta ma yana hana barci, amma yaran sun ga da idonsu cewa jimlar da muke rubuta musu a allo ba ta faɗi duka labarin ba. Ni kaina da na san wannan a takarda, ganinsa a kwalba daban ne.

Daga nan na gayyato jami'in lafiya na asibitin sha-ka-tafi da ke kusa da mu, bayan yaran sun riga sun tara tambayoyinsu. Wannan jerin yana da muhimmanci. Da shi aka fara kawowa, da lacca kawai zai yi. Ya ba su labarin Ronald Ross, likitan da ya gano ƙwayar cutar a cikin cikin sauro a Indiya a 1897, ya ce musu Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa Nijeriya da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya. Ya kuma bayyana musu dalilin maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba ƙannensu 'yan ƙasa da shekara 5 wata-wata a damina. Da yawansu sun sha ganin masu rabon, ba su taɓa sanin na mene ne ba.

Ba kowa ne ya ji daɗi ba. Wani uba ya zo har bakin aji ya ce, "Malama, mu karatu muka turo su, ba yawon kwata ba." Na ba shi littafin ɗansa. Ya ga jadawalin gidaje, ya ga inda yaron ya fitar da kason gidajen da aka samu tsutsa a cikinsu, ya ga wasiƙar da ya tsara zuwa ga mai unguwa an gyara ta da jan biro. Ya ɗan yi shiru, ya ce to Allah ya taimaka. Ƙorafinsa yana da tushe, domin aiki irin wannan yana iya zama yawo zalla idan malami bai ɗaure shi da rubutu da lissafi ba.

Ranar gabatarwa mai unguwa ya zo da wasu 'yan kwamitin makaranta. Yara suka kafa taswirarsu ta kwali, wani ya fara da "Ranka ya daɗe" muryarsa na rawa. An cike sawun tayoyin bayan makaranta da ƙasa a satin. Ramukan gini kuwa suna nan, fili ne mai shi, kuma magana ce ta manya.

Inda na fi sa ido shi ne wajen ba da maki. Rukuni yana ɓoye yaro. Mutum biyu masu baki za su ɗauke aikin, kwali ya yi kyau, a tafa, alhali akwai na ukunsu da bai iya karanta abin da ke jikin kwalin ba. Saboda haka makin rukuni kaɗan na ba shi. Mafi yawa na ɗora a kan littafin kowane yaro, da tambayar baki da nake yi wa ɗaya bayan ɗaya yayin da sauran ke aiki: nuna min gidanku a taswira, me wannan ginshiƙin yake nufi, me ya sa ya fi wancan tsawo? Ta haka na tsinci yara da dama da ke buƙatar a koma da su kan haɗa baƙi da wasali, na ware musu lokaci dabam, domin binciken sauro ba zai koya wa yaro karatu daga tushe ba.

Abin yana kuma cin lokaci. Darussa biyu na lissafi da ba su da alaƙa da aikin sai a gurguje na koyar da su dab da jarrabawa, ga shi yaran nan baɗi za su zauna jarrabawar shiga sakandare. A aji mai yawa irin nawa, aiki ɗaya a zango ya isa, sauran kwanakin allo da alli suna nan da amfaninsu. Na zango na biyu hedimasta ya riga ya sa hannu: za su bi farashin kwanon gero da na masara a kasuwar unguwa tun daga Janairu har zuwa hutu.