Yadda na gano abin da ke ɗauke wa tsohuwar motata fitila

Muna kan hanyar dawowa Bauchi daga Gombe ne, ni da maiɗakina da yara biyu, bayan sallar isha'i. Mun wuce Alkaleri muna dab da gadar Dindima, sai fitilun gaba biyu suka ɗauke lokaci guda. Injin bai tsaya ba, fitilun dashbod suna nan, amma titin ya ɓace mini gaba ɗaya, ga tirela tana biye da ni ba nisa. Ban yarda na taka burki da ƙarfi ba. Na saki totur, na riƙe sitiyari da hannu ɗaya, na kai ɗayan na girgiza makunnin fitila, sai hasken ya dawo. Duka abin bai wuce daƙiƙa huɗu ba, amma har muka shigo gari babu wanda ya ce uffan a cikin motar, sai salati da maiɗakina take yi ƙasa-ƙasa.

Motar Fijo 504 ce, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, na kuma gaje ta ne daga mahaifina. Inji da giya ba su taɓa ba ni kunya ba. Sai dai motar da ta haura shekara talatin a kan titi ta bi ta hannun masu gyara da yawa, kowanne kuma ya bar sawunsa a cikin wayoyinta. Matsalar fitilar ta kai wata biyar tana damuna kafin wannan daren, kuma abin da ya sa ta gagara shi ne ba kullum take zuwa ba. Da safe in na kai motar gareji, rewaya ya kunna ya kashe sau goma, komai lafiya lau. Shi bai ga ciwo ba, ni kuma na san akwai ciwo, saboda haka sai a canza wani abu domin kada in koma hannu rabbana. A zuwa na farko aka ce ƙwayayen sun gaji, aka cire masu wat 60 da 55 aka sa mini masu wat 100 da 90, wai sun fi haske. A zuwa na biyu aka ce batir ne, na sayi sabo. A na uku aka kwance altaneta, wato na'urar da ke caja batir, aka canza mata kabon. Ban ga laifin kowa ba sosai, domin ni ma abin da nake kai musu bai wuce "fitila tana ɗaukewa" ba, kuma wannan maganar ba ta isa a kama komai da ita ba.

Washegarin daren Dindima na sayi ƙaramin littafi na ajiye a aljihun mota. Duk lokacin da fitila ta yi wani abu, da zarar na tsaya sai in rubuta inda nake, da yanayin titin, da tsawon lokacin da na yi ina tuƙi da fitila a kunne, da ko an yi ruwa ko an wanke motar. Na daina tafiyar dare a wajen gari, na riƙa gwada ta a cikin gari kawai, tsakanin Yelwa da Wunti da Fadamar Mada. Cikin mako uku littafin ya nuna mini abin da ban lura da shi ba a wata biyar. Wani lokaci hasken yana rawa ne, ya dushe ya dawo, kuma wannan yana faruwa ne a kan gargada ko in taya ta faɗa rami, ya fi tsanani kuma bayan ruwan sama. A irin wannan lokacin ɗan shuɗin hasken nan na dashbod, wanda bai kamata ya kama ba sai an sa ful, yakan ɗan yi haske kaɗan alhali ina kan dim. Wani lokacin kuwa hasken ɗaukewa yake yi ɗungurungum, ko da titin sumul yake, kuma bai taɓa yin haka ba sai na yi fiye da rabin awa da fitila a kunne.

Na sayi 'yar mitar awon wuta na fara da abin da na iya. Batir, bayan motar ta kwana ba a tayar ba, ya nuna volt 12.6, wanda shi ne awon batir mai cikakken caji. Da na tayar da injin ya hau 14.1, kuma lafiyayyar altaneta tsakanin 13.8 da 14.4 take bayarwa. Na duba fambel, bai saki ba. A nan na tabbata cewa batir da altaneta ba su da hannu a ciki. Sai na zare soket daga bayan ƙwan fitila na auna, na ga wuta ta cika, na kuma rasa inda zan nufa.

Wani dattijon rewaya da aka kwatanta mini ne ya warware mini wannan ƙullin. Na kai masa littafin maimakon in kai masa ƙorafi, ya sa tabarau ya karanta shafukan a tsanake, sa'an nan ya tambaye ni yadda na yi awon. Da na gaya masa na zare soket ne na auna, sai ya girgiza kai ya ce, "Malam, ai waya ba ta faɗin gaskiya sai ta ɗauki kaya." Na ce, "Baba, yi mini bayani." Ya ce mita kusan ba ta jan wuta, saboda haka ko silin waya ɗaya ne ya rage a haɗe, ko tsatsa ta cinye rabin mahaɗi, za ta nuna maka 12 cif. Sai ƙwai ya kama, ya ja wutarsa, sa'an nan wurin da ya lalace yake tona kansa.

Ga yadda ya yi, a gabana, na kuma maimaita da hannuna. Ya mayar da soket, ya tayar da injin, ya kunna dim. Ya ɗora bakin mita ɗaya a kan batir na fositif, ɗayan kuma ya cusa ta bayan soket a kan wayar da ke kawo wuta. Abin da mitar ta nuna a nan shi ne wutar da ke ɓacewa a hanya, ba wadda ta iso ba, kuma ta nuna 1.4. Sai ya koma ɗaya ɓangaren, ya ɗora baki ɗaya a kan batir na negatif, ɗayan a ƙafar at ta ƙwan, wato wayar da ke mayar da wuta jikin mota. Ta nuna 1.2, kuma da yaronsa ya girgiza damin wayoyin da hannu sai lambar ta yi tsalle ta wuce 5, fitilar ta dushe a kan idonmu. A layi mai lafiya, asarar ɓangaren at ba ta kamata ta wuce 0.2 ba, ta ɓangaren kawo wuta kuma kada ta wuce rabin volt. Ke nan daga 14.1 da altaneta ke bayarwa, abin da ke isa ƙwan bai wuce 11.5 ba. Ƙwan halojin kuwa ba ya yafe wannan: in wuta ta ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa yakan ragu da kusan kashi 30. Wannan ne ya sa tun farko nake ganin fitilata ta yi ja, har na yarda aka sa mini manyan ƙwayaye.

Muka bi wayar at har inda ta ƙare. A motata fitilun biyu a noti guda suka haɗu, a jikin ƙarfe ƙasan mazaunin batir, inda ruwan batir ya shekara yana ɗiga. Daga waje notin a ɗaure yake tam, babu wanda zai zarge shi. Da aka sa sifana aka kwance, sai ga farin gari da kore-kore tsakanin zoben wayar da ƙarfen, zoben kansa ya yi siriri kamar ganye, daga cikin silin tagulla kuma guda huɗu ne kawai suka rage a maƙale, sauran sun karye a cikin roba. A nan na fahimci shuɗin hasken dashbod. Ƙwan H4, irin wanda ke fitilun motata, yana da zare biyu, na ful da na dim, da ƙafar at guda ɗaya da suke tarayya a kai. In hanyar at ta toshe, wutar da ta shiga ta zaren dim sai ta nemi wata mafita, ta bi ta zaren ful ta koma baya, har ta tarar da ɗan ƙwan dashbod ta sauka ta wajensa. Muka yanke wayar har inda tagullar take ja, muka sa sabon zobe muka liƙe da dalma, muka goge ƙarfen da samfefa har ya yi ƙyalli, muka ɗaure, muka shafa giris a kai domin ruwa. Haka muka yi wa babbar wayar da ta taso daga batir zuwa jikin mota, da wadda ta haɗa inji da bodi. Asarar ɓangaren at ta sauko 0.1.

Na so in tafi a nan, domin hasken ya riga ya yi fari, na kuma bi gargada babu rawa. Dattijon ya buɗe littafina ya nuna mini layukan da na rubuta "ta ɗauke bayan minti arba'in", ya ce wannan ciwo daban ne, kuma shi ne ya kusa halaka mu a Dindima. Ya sa aka bar fitila a kan ful muka zauna a inuwa. Bayan kamar minti ashirin ya ce in taɓa gindin makunnin da ke jikin sitiyari. Zafi ne sosai, ga ɗan warin roba. Da ya kwance shi, tagullar da ke haɗuwa a ciki ta yi baƙi, robar da ke riƙe da ita ta narke ta ɗan karkace, ta yadda in ta yi zafi sai bakin biyu su rabu, in an girgiza ko ta huce su sake haɗuwa.

Lissafin ba shi da wuya. Ƙwai mai wat 60 yana jan kusan amfiya 5 a kan volt 12, biyu ke nan amfiya 10. Mai wat 100 yana jan fiye da 8, biyu sun haura 16. A motata babu rile a layin fitila, wato ɗan makunnin da 'yar wuta kaɗan ke motsawa domin ya ɗauki babbar wuta, saboda haka duk wannan wutar ta cikin ɗan makunnin take ratsawa. Makunnin ya riga ya tsufa, mu kuma muka ƙara masa kaya fiye da rabin abin da ya saba ɗauka. Wato gyaran farko da aka yi domin ƙara haske shi ne ya haifar da ciwo na biyu, alhali na farkon yana nan a ƙasan batir ba a taɓa shi ba. A kan hanyar bin layin muka kuma tarar da wani tsohon haɗi da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif, da wani fis da aka ɗaure da silin waya bayan ya ƙone. Wannan na ƙarshe ya fi tayar mini da hankali, domin aikin fis shi ne ya ƙone kafin waya ta ƙone, kuma duk wanda ya ɗaure shi da waya ya mayar da dukan damin wayoyin motar ne fis.

Muka sa wani makunnin, muka koma ƙwayaye masu wat 60 da 55, ina riƙe su da tsumma domin maiƙon yatsa yana rage wa gilashin halojin kwana. Sa'an nan muka sa rile biyu kusa da batir, ɗaya na dim ɗaya na ful. Kowanne yana da ƙafa huɗu masu lamba: 30 tana karɓar wuta kai tsaye daga batir ta cikin fis, 87 tana kai ta ƙwayaye, 86 tana karɓar umarni daga tsohuwar wayar makunni, 85 kuma tana tafiya at. Yanzu makunnin sitiyari ba ya ɗaukar komai sai 'yar wutar da ke motsa rile, wadda ba ta kai rubu'in amfiya ba. Na nace a kan kowane layi ya sami fis ɗinsa mai amfiya 15, a kuma ajiye shi dab da batir, domin in na dim ya ƙone a kan hanya in sami ful in tsaya da shi lafiya. Kowace fitila kuma muka ba ta wayar at tata daban, ba su ƙara tarayya a noti ɗaya ba. Duk tsawon aikin kan batir na negatif a cire yake, shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe.

Akwai abu ɗaya da na daina yarda a yi wa motata tun daga ranar, shi ne cire kan batir injin yana aiki domin a ga ko altaneta tana caji. Na ga ana yi a gareji da yawa, an ma yi wa tawa sau biyu ina tsaye. Batir shi ke shanye tsallen wutar da altaneta ke yi, in aka cire shi tsallen yana iya ƙona abin da ke daidaita caji a cikinta, alhali mita tana ba da amsar nan cikin daƙiƙa biyar ba tare da an taɓa komai ba.

Da muka gama, na sake yin awon da hannuna a gaban dattijon. Batir 14.1, bakin ƙwai 13.8. Na bar fitila a kan ful awa guda cur, makunnin bai ko yi ɗumi ba. Sai da na yi mako biyu ina zagaya gari da dare, har da ranaku biyu da aka kwana ana ruwa, littafin bai sami sabon layi ba, kafin na sake ɗaukar iyalina zuwa Gombe. Mun dawo bayan isha'i kamar wancan karon, na kuma rage gudu tun kafin gadar Dindima, hannuna a kusa da makunni har muka haye. Yanzu duk lokacin da za a yi juyen baƙin mai nakan ɗaga batir in duba ƙasansa, in kwance notin at in goge in sake shafa giris, musamman in damina ta kusa.